TAFINTAN GIDAN HEDIMASTA

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo cewa na bar Malam Gilbert da gumi a goshi tun ranar Talata, ku yi haƙuri, biki muka je Kagoro. Wannan shafin na Anti Lucy ne ta Gidan Waya, wadda ta ce in ban sako shi yau ba za ta biyo ni har gida. Sababbin shigowa kuma, ku samu wuri a benci. Muna Kafanchan ne, daminar 1976, a falon Hedimasta Alexander, gida ɗaya tilo mai talabijin a duk layin.

*

Hoton ya ɗauke daidai lokacin da Likita Mai Gemu ya kama hannun baturiyar nan mai farar hula.

Akwatin ya koma tsaki kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

"Kash!" in ji mata wajen ashirin a baki ɗaya.

"Iska ce ta juya gorar eriya," in ji Hedimasta Alexander, yana laluben takalminsa a ƙarƙashin kujera. "Kowa ya zauna inda yake. Ni kaɗai na san inda tashar Jos take."

Ya fita.

Malam Gilbert ya ciro hankici ya share goshi. Wata bakwai ke nan, duk Alhamis da ƙarfe biyar da rabi na yamma, nan ne wurinsa, a kan kujerar katako gefen akwatin. Turawa na magana, shi yana juya wa jama'a da Hausa. Mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana koyar da Turanci a firamare, wa zai yi tafinta in ba shi ba?

Sai dai yau tun da aka fara bai samu sakat ba.

Mildred ce, 'yar Hedimasta, wadda ta dawo daga Ingila ranar Litinin da takardar aikin nas. Tana zaune bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Da fari ya ɗauka kuka take yi saboda daɗin labarin. Har ya ƙara wa muryarsa gishiri.

Ta taso ta zo kusa da shi.

"Malam, don Allah zo ka taya ni duba wani abu a bayan kicin."

"Yanzu?"

"Yanzu, Malam."

Ya bi ta. Suna sha kwana ƙarƙashin bishiyar gwaiba, Mildred ta dafa bango ta tuntsire da dariya. Ta yi ta yi har ta durƙusa.

"Mildred, lafiya?"

"Wayyo cikina... Malam, me ka ce likitan ya ce yanzu?"

Ya gyara wuyan rigarsa.

"Cewa ya yi, 'Tun ranar da na gan ki zaune a kan keken ɗinki, abinci ya daina min daɗi.'"

"Keken ɗinki."

"I."

"A asibitin Amurka."

"Ai... Turawa ma suna ɗinki."

"Malam, makullin mota yake ba ta. Cewa ya yi motarsa ta ƙi tashi, ta kira masa makanike."



Can daga tasha jirgin ƙasa ya yi kuka. 

"Kuma matar nan," Mildred ta ce tana share hawaye, "ƙanwarsa ce."

"Ƙanwar wa?"

"Ƙanwar likitan. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kai! A'a. Mildred, ki ji tsoron Ubangiji."

"Ni ce zan ji tsoro? Wasan nan tun bara muka kalle shi a ɗakin kwanan ɗalibai, har ƙarshensa. Wata bakwai kana haɗa wa da ƙanwa soyayya a gaban Zumuntar Matan coci!"

Akwai wani turmi a kife a wurin. Gilbert ya zauna a kai ba tare da ya san ya zauna ba.

"To... mai tumbin nan fa?" ya tambaya a hankali. "Mai shan lofe?"

"Wanda ka ce ɗan kasuwa ne mayaudari, mai cika buhun citta da ƙasa?"

"Shi."

"Babansu ne. Fasto ne ma."

"Ubangiji ka yi jinƙai!"

"Mamata har tofar da yawu take yi in ya fito. Ɗazu na ji tana cewa Allah ya isa tsakaninta da shi. Bawan Allah kuwa addu'ar abinci yake yi."

Ta sake fashewa.

Shi bai yi dariya ba. Ya zuba wa takalminsa ido, wanda ya goge da safe har yana ƙyalli saboda yau Alhamis.

Mildred ta lura. Ta haɗiye sauran dariyar, ta tsuguna a gabansa kamar yadda take yi tana 'yar aji uku.

"Malam, yi haƙuri. Ba raini ba ne. Amma me ya kai ka?"



"Mildred, ni na koya miki rubuta sunanki. Ba zan yi miki ƙarya ba. Turancin littafi, kawo kowane iri ne, zan warware miki shi. Turancin Baturen mishan da ya koyar da mu, ina jin sa sarai, don shi yana taunawa kafin ya furta. Amma mutanen nan da hanci suke magana. Kalmar farko ba ta gama fita ba, ta goma ta hau kanta. Ga tsakin akwati."

"To ai sai ka ce ba ka ji."

"Ranar da babanki ya fara kunna abin nan, mutum talatin ne a falon. Iyayen ɗalibaina. Baturen ya yi magana, sai mamanki ta juyo ta ce, 'Ticha, me ya ce?' Duk suka zuba min ido. In ce me? In ce malamin Turancin 'ya'yanku bai ji ba?"

"Sai ka ce me?"

"Na ce ya ce, 'Ina kwana.'"

"To ai ba laifi."

"Sai ta ce, 'Duk wannan doguwar maganar ina kwana ce kawai?' Shi ne na ƙara. Daga nan kuma abu ya yi ta ƙaruwa da kansa."

Mildred ta cije leɓe.

"Wasan kaboyi na ranar Litinin fa?"

"Wannan ba wuya. Mai baƙar hula ya saci shanu, mai farar hula ya bi shi. Fulani ma sun san labarin."

"Na 'yan sandan ciki?"

"Duk wanda ya fi kowa fara'a da farko, shi ne ɓarawon. Ban taɓa faɗuwa ba."

"Na Indiya?"

"Akwai rubutu a ƙasa. Ina karantawa in bai gudu ba. In suka fara waƙa kuma sai in huta."

"Na 'yan Sin masu tashi sama?"

"Mildred, duka yana buƙatar fassara ne?"

Wannan karon har shi ya ɗan murmusa.

"Na asibitin nan ne kawai ya zame min ƙaya," in ji shi. "Ba harbi, ba rawa. Magana, magana, magana."

"To na ji. Keken ɗinkin fa?"

Murmushin ya ɓace.

"Malam?"

"Iskar nan kamar za a yi ruwa."

"Malam, duk layin nan mace nawa ce ke zama a kan keken ɗinki daga safe zuwa yamma?"

Ya ɗaga kai yana duban gwaiba.

Ai ko bai faɗa ba. Afiniki ce, wadda kowa ke kira Maman Edna, mai shagon ɗinki a hanyar tasha. Shekara biyar da rasuwar mijinta. Shi kuma Gilbert shekara shida da rasuwar matarsa. Wando ɗaya ya kai mata sau huɗu, kuma duk huɗun shi ya farke aljihun da hannunsa. In ya je shagon sai ya yi maganar tsadar zare, ya yi maganar ruwan sama, ya dawo gida yana zagin kansa. Amma ranar Alhamis, da Likita Mai Gemu ya buɗe baki, sai duk abin da ya maƙale a maƙogwaronsa ya zubo.

"Shi ya sa mai tumbi ya zama ɗan kasuwar citta," in ji Mildred tana gyaɗa kai. "Simon na Kachia. Na ji Mama na cewa kullum sabuwar Fijo ɗinsa na ƙofar shagon."

"Ni ban kama sunan kowa ba."

"Ba ka kama ba. Ka dai ba shi tumbinsa da sana'arsa."

Daga gaban gida muryar Hedimasta ta taso.

"Hoton ya zo?"

"Bai zo ba!" matan falo suka amsa.

"Yanzu fa?"

"Ya fi lalacewa!"

Mildred ta matso.

"Malam, akwai magana biyu, kuma babu mai daɗi."

"Faɗi ƙaramar."

"Baba ya ce daga mako mai zuwa ni zan karɓi fassarar, wai ka huta."

Gilbert ya rufe ido.

"Wannan ce ƙaramar?"

"I. Babbar ita ce, na san na yau. Bikin aure ne a ƙarshensa. Ƙanwar za ta yi aure."

"Da wa?"

"Da siririn nan mai tabarau."

"Masinjan?"

"Ba masinja ba ne, Malam. Shi ne shugaban asibitin."

Ya miƙe zumbur.

"Minti nawa suka rage?"

"Bai fi goma sha biyar ba."

"Je ki ce wa babanki Jos ta koma yamma."

"Malam!"

"To ki tsinke wayar. A'a, bari, ni zan tsinke. Ina almakashi? Ya Ubangiji, kai da ka tsayar da rana a zamanin da, wutar lantarki ce za ta gagare ka? Kullum ana ɗauke ta, yau ne ta ga damar zama?"

"Almakashi yana wurina, in kana so."

Ba Mildred ce ta yi maganar ba.

Suka juya tare.

Afiniki ce tsaye a ƙofar kicin ta baya, da kwanon dafaffiyar gyaɗa a hannu, tururi na tashi. Zanenta ruwan ganye, awon ɗinki na rataye a wuyanta kamar kullum. Tagar kicin ɗin a buɗe take, daidai saman turmin da Gilbert ya tashi daga kai.

Gumi ya karyo masa har tafin ƙafa.

"Ma... Maman Edna. Sannu da aiki."

"Yauwa, Malam."

"Tun yaushe kike..."

"Tun keken ɗinki."

Ta juya wajen Mildred. Ta buɗe baki.

Turanci ne ya fito.

Irin na cikin akwatin. Da hancin da komai, yana gudu kamar ruwan kwazazzabo, babu tuntuɓe ko ɗaya. Mildred ta saki baki, sannan ta amsa mata, su biyu suka ƙyalƙyale. Gilbert, malamin Turanci na shekara goma sha tara, kalma uku ya kama a ciki, ɗaya daga cikinsu sunansa ne.

"Anti!" in ji Mildred. "Ina kika samo wannan?"

"Kai musu gyaɗar nan kafin ta huce, 'yata."

Mildred ta karɓi kwanon. Ta dubi malaminta, ta dubi Afiniki, ta yi gaba tana waige.

Suka rage su biyu.

Gilbert ya so ƙasa ta tsage. Ƙasar kuwa ta sha ruwan damina ta yi laushi, amma ta ƙi.

"Kina jin Turanci," in ji shi.

"Ina ɗan taɓawa."

"Irin nasu."

"Shekarata goma sha huɗu aka ɗauko ni daga Nok aka kai ni aiki gidan wani likitan mishan, ɗan Amurka. Shekara tara na yi. 'Ya'yansu uku a bayana suka girma. Da hancin nan aka yi min faɗa, da shi aka koya min gasa burodi."

"Amma ban taɓa jin..."

"Ba wanda ya taɓa ji a garin nan. Da na yi aure, dangin baban Edna suka sa min suna Baturiyar Nok. In na ce a wanke hannu, iyayi. In na yi shiru, girman kai. Sai na naɗe Turancin na sa a ƙasan akwati tare da kayan aurena."



"Ke nan tun ranar farko..."

"Tun ina kwana."

"Kin san ƙanwarsa ce."

"Na sani."

"Kin san Fasto ne."

"Shi ne ma na fi tausaya wa."

Gilbert ya cire tabaraunsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Me ya sa ba ki tona min asiri ba?"

"In tona in samu me?" Ta jingina da ƙofar. "Nasu labarin, Malam, daga mota ta lalace sai wa zai yi aikin Asabar sai gardamar gado. Naka ya fi daɗi. Ranar da ka ce likita ya ce ɗinkin da aka yi masa a aljihu ya fi ƙarfin wandon gaba ɗaya, a hanya na yi ta dariya ni kaɗai, har Edna ta ce ko in sha magani."

"Kin gane ke nan."

"Malam, aljihun da ya farke da kansa daban, wanda aka ja da yatsa daban. Shekara nawa ina ɗinki?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta bar shi ya ɗan sha kunyarsa. Da ta sake magana, babu wasa a muryar.

"Amma ka ji. Ni ba yarinya ba ce. Shekarata talatin da takwas, 'yata har ta shiga sakandare. Simon ya zo shagona ranar Asabar. Ya zauna a benci, ya cire hula, ya faɗi abin da ya kawo shi da bakinsa. Da Hausa. Hausar ma ba mai kyau ba, amma na gane."

"Kika ce me?"

"Na ce ya ba ni zuwa Lahadi bayan sujada."

"Lahadin nan?"

"Jibi-jibin nan... gata, in ka ƙirga daidai."

"Maman Edna, mutumin nan..."

"Kada ka ɓata shi. Ka ɓata shi wata bakwai, ya isa. Mutumin kirki ne, cittarsa ma babu ƙasa a ciki, na duba."



"Ina son labarin likita," in ji ta a hankali. "Duk Alhamis nakan rufe shago tun ƙarfe huɗu saboda shi. Amma ban taɓa jin inda aka nemi mace ta bakin akwati ba. In mai maganar yana nan, ya fito in gan shi. In kuma babu kowa sai Bature, to, Bature yana Amurka."

Zuciyarsa na bugawa kamar gangar Zumunta. Ya buɗe baki. Maganar ta taho, ya ji ta, ta hawo har maƙogwaro.

"Afiniki, ni..."

"YA DAWO!"

Ihun matan falo ne.

"Baban Mildred, kada ka taɓa! Riƙe haka!"

"Ticha! Ina Ticha? Ticha Gilbert!"

Afiniki ta gyara awon da ke wuyanta.

"Ana kiranka, Malam."

Ta wuce. Ya bi bayanta.

Falon ya ƙara cika. Hedimasta ya ɗaure gorar da igiya ya dawo kujerarsa yana haki. A bakin ƙofa kuma, ga wani baƙo da ba ya nan ɗazu: Simon na Kachia, da tumbinsa da sabon agogo, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"A'a, Ticha! Ina gajiya? Na ce yau bari in zo in ga ɗan kasuwan nan da ake ce min muna kama."

"Sannu da zuwa," in ji Gilbert, muryarsa kamar ta sauro.

Afiniki ta zauna a wurinta, benci na biyu, gefen taga. Shi ya zauna a kujerarsa ta katako.

Ya dubi akwatin.

Coci ne. An cika shi da furanni. Ga baturiyar nan ta ajiye farar hula ta sa farar rigar amare mai jan ƙasa. Mai tumbi na riƙe da hannunta yana tafe da ita a hankali. A can gaba, siririn nan mai tabarau na tsaye yana washe baki.

Likita Mai Gemu kuwa yana zaune a layin farko, yana murmushi har kunne.



Mama Lai'atu, matar Hedimasta, ita ta fara samun murya.

"Ticha. Wannan mace ya yi hauka ne?"

"Mama..."

"Masinja zai aura? Ya bar likita, ya bi masinja?"

"Kuma ɓarawon citta ne ke kai shi!" wata ta ce daga baya. "Sayar da shi ya yi!"

"Likitan ma dariya yake! Ticha, me ya sa yana dariya?"

"Baƙin ciki ne ya taɓa masa kai, bawan Allah."

"Ticha, yi magana mana!"

Simon ya karkata kai yana saurare.

"Ni fa ban yi makaranta da yawa ba," in ji shi. "Amma a Legas nake sayar da citta, ina ɗan tsinta. Yanzu na ji mai gemun ya ce sista. Da kunnena."

"Ai nas ce," Hedimasta ya ce. "Nas sista ake ce mata. Ko ba haka ba, Malam Gilbert?"

Ga ƙofa an buɗe masa, faffaɗa. In ya ce haka ne, ya wuce. Zai iya cewa likita ya sadaukar ne, zai iya cewa mafarki amarya take yi. Ƙarya uku masu kyau suka zo masa a lokaci ɗaya, kowacce ta fi 'yar'uwarta.

Ya dubi Mildred. Ta sunkuyar da kai.

Ya dubi benci na biyu.

Afiniki ba akwatin take kallo ba. Shi take kallo, tana ɓare gyaɗa a hankali.

Gilbert ya miƙe. Ya miƙa hannu ya murɗa maɓallin murya har Turawan suka koma bebaye.

"Malam, me kake yi?" in ji Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, a yi min haƙuri. Mama, matar nan ba ta yi hauka ba. Ƙanwar likita ce. Ciki ɗaya."

"Iye?"

"Mai tumbin babansu ne. Fasto ne, bai taɓa sayar da citta ba."

Mama Lai'atu ta dafe ƙirji.

"Fasto? Fasto na tofa wa yawu?"

"Laifina ne, Mama. Turancin mutanen nan ba na jin sa. Tun ranar farko ban ji ba, kunya ta hana ni faɗi."

Hayaniya ta ɓarke. Wata na salati irin na coci, wata na dariya, wata na tambayar to shanun kaboyi ma ƙarya ne? Hedimasta ya buga sandarsa a ƙasa sau uku, kamar a taron safe na makaranta.

"Shiru! Malam Gilbert, tsaya. Duk maganganun nan da suka sa matata kuka wata bakwai, har abincina yana ƙonewa. In ba likita ne ya yi su ba, wa ya yi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ka ƙirƙira?"

"Ban ƙirƙira ba. Suna cikin raina. Bakin likita kawai na ara."

Matan suka dubi juna. Wani irin "hmmm" mai tsawo ya zagaye falon.

Mama Lai'atu ta manta da Fasto. Ta matso bakin kujera, idonta na ƙyalli.

"To, Ticha. Da wa kake?"

Simon ya daina kaɗa makulli.

Gilbert ya ja numfashi. Ya juya sosai wajen benci na biyu, gefen taga. Ya ɗaga hannu.

"Tana cikin ɗakin nan. Duk Alhamis a wuri ɗaya take zama. Ita ce..."

"AYYURURUI!"

Guɗar ta tsaga falon har kwanon rufi ya amsa.

Daga benci na uku ta fito, daidai bayan Afiniki. Caroline ce, ƙanwar Hedimasta, mai sayar da masa a tasha, wadda muryarta kaɗai ke rufe ta ƙungiyar mawaƙa duka. Ta miƙe tsaye, ɗankwali ya zame, hannu biyu a sama.

"Na sani! Wallahi na sani! Wata bakwai mutumin nan yana kallon wajena! Na ce wa kaina, Caroline, yi haƙuri, mai kunya ne, zai faɗa!"

"A'a, Anti Caroline, ai..." Mildred ta fara.

"Ticha, kada ka wahalar da kanka! Na amince! A gaban yayana, a gaban kowa, na amince!"

Mata suka ɗauki guɗa. Mama Lai'atu ta tashi tana rawa. Hedimasta Alexander ya jefar da sanda, ya kama hannun Gilbert da nasa biyu yana girgizawa kamar zai cire shi.

"Surukina! Kai, Malam, shi ne ka wahalar da Turawa haka? Ai da ka zo ka same ni a ofis!"

"Ranka ya daɗe, ba... ba haka..."

Ba wanda ya ji shi.

Ta saman kafaɗar Hedimasta ya hango Simon ya ratsa mutane ya tsaya gefen taga, ya cire hula.

"Maman Edna, hayaniya ta yi yawa. Hadari kuma ya taso. Zo in sauke ki gida."

Afiniki ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta.

Ta dubi Gilbert sau ɗaya.

Sannan ta sunkuya ta ɗauki jakarta.